Ɗalibina ya kama ni ina karya dokar da ni na kafa

Mai Testa:
Assalamu alaikum malamai da iyaye na wannan zaure. Akwai abin da ya hana ni sukuni tun makon jiya, na ga gara in baje shi a nan, tunda akwai waɗanda suka riga ni shiga aikin nan da shekaru masu yawa.

Ina koyar da aikin lantarki a wata kwalejin koyon sana'a, wannan ce shekarata ta biyu. Wasu daga cikin ɗalibaina sa'o'ina ne, biyu ma sun girme ni. Tun ranar farko na kafa musu doka guda wadda ba na sassauci a kanta: kada kowa ya taɓa waya sai ya kashe wuta daga babban makunni, ya sa testa ya tabbatar ba wuta, sannan ya kai hannu. Na taɓa korar wani daga ɗakin aiki yini guda don ya tsallake wannan. To ranar Talata wani soket ya ƙi aiki ana tsakiyar darasi, lokaci ya ƙure, na kashe makunnin na kai hannu na kama wayar ban sa testa ba. Ba abin da ya same ni. Amma wanda na kora ɗin nan yana tsaye a gefena, sai ya ce, ƙasa-ƙasa amma yadda kowa zai ji: "Malam, yau testa ta tafi hutu ne?" Aji ya kwashe da dariya. Na daka masa tsawa na ce ya kama kansa, na ci gaba da aikina.

Ba wanda ya yi mini rashin kunya tun ranar. Sai dai jiya na ga mutum biyu suna kwance waya ba testa, da na yi magana sai na ji muryata ba nauyi, ni kaina na ji. Wani abokin aikina da ya daɗe ya ce laifina ne da nake sakin fuska, ya ce in kayar da yaron a jarrabawar aikin hannu, sauran za su shiga taitayinsu. Zuciyata ba ta kwanta da haka ba. Me zan yi? Kuma wai ma ta ina malami yake samun girma a idon ɗalibai?

Baba Mai Ritaya:
Wa alaikumus salam ɗana. Shekara talatin da biyar na yi ina riƙe da alli, bari in gaya maka abin da ba za ka so ji ba. Yaron nan bai yi maka rashin kunya ba, karatunka ya biya maka. Kai ka koya masa cewa ba a taɓa waya sai da testa, ya riƙe, ya ga an saɓa, ya faɗa. Da a ce wani ɗalibi ne ya kai hannu shi kuma ya tsawatar masa, ai sa masa albarka za ka yi.

Kuskurenka biyu ne, na biyun ya fi na farko girma. Taɓa wayar gaggawa ce, kowa yana yi. Tsawar ita ce ta gaya wa aji cewa dokar ta masu ƙaramin matsayi ce, ba ta lantarki ba. Shi ya sa ka ga biyun nan jiya.

Imam Gazali, wanda ya rasu a shekara ta 505 bayan hijira, ya lissafa wajiban malami guda takwas a farkon littafinsa Ihya'u, na takwas shi ne kada aikin malami ya ƙaryata maganarsa. Ya kawo misalin sanda da inuwarta, ya ce yaya inuwa za ta miƙe alhali sandar a karkace take. Ka koma aji ka ce na yi kuskure ranar Talata, wane ya yi daidai da ya tuna mini, ni kuma ban kyauta ba da na yi masa tsawa. Kada ka tsawaita, kada ka kawo uzurin ƙurewar lokaci.

Malam Ba Wasa:
Baba, Allah ya ƙara girma, amma a nan kam ban bi ka ba. Zamaninku daban, yaran yanzu daban. Ranar da malami ya tsaya gaban aji yana ba ɗalibi haƙuri, ranar ya sayar da kujerarsa. Gobe wani zai ɗaga hannu ya gyara maka rubutu, jibi wani ya ɗauke ka a waya ya yaɗa. Ido wa ka raina? Wanda nake gani yau da gobe. Ni ban ce ya kayar da yaron ba, wannan zalunci ne. Amma ya ja bakinsa ya yi shiru, ya ƙara tsananta dokar, nan da mako biyu an manta.

Ɗalibar Zangon Ƙarshe:
Ku yi haƙuri in sa baki, ni ɗaliba ce ba malama ba. Malam Ba Wasa, wallahi ba a mantawa. Ku kuna kallon mutum sittin, mu sittin muna kallon mutum ɗaya. Mun san wanda yake rufe ƙofa ƙarfe takwas daidai ranar da ya zo da wuri, sauran ranaku kuma ya shigo tara saura ko kallonmu bai yi ba. Mun san wanda yake karɓe mana waya sannan tasa ta yi ƙara ya fita amsawa. Mun san wanda ya ce zai dawo mana da takardun gwaji mako mai zuwa, har aka gama zango ba mu gan su ba. Mun san wanda takardar da yake karanto mana ta tsufa har ta yi ja. Duk muna gaishe su da ladabi, don makinmu yana hannunsu. In gaisuwar kuke kira girmamawa, to kowa yana samu.

Akwai wata malamarmu, ba ta da fara'a ko kaɗan, ba ta taɓa yi mana wasa ba. Amma kowace takarda ta dawo sai ka ga ta bi ta layi-layi da jan biro, har inda ka manta waƙafi. Ni ban taɓa iya miƙa mata aikin da na yi a gurguje ba. Ba tsoronta nake ji ba, kunyarta nake ji.

Baba Mai Ritaya:
'Yata, kin faɗi kalmar. Tsoro daban, jin nauyi daban. Mai tsoronka yana gyara aiki in ya ji takunka. Mai jin nauyinka yana gyarawa ko kana wata duniya.

Malam Ba Wasa:
To ai kun ji da bakinta, malamar ba ta wasa. Maganata ke nan.

Ɗalibar Zangon Ƙarshe:
A'a Malam, ba ɗaure fuskar ba ce. Muna da wani da ya fi ta ɗaure fuska, kuma shi aka fi kwaikwayon muryarsa a bayan aji. Ita wannan ta taɓa ba ni maki ƙasa da abin da na ci saboda ta yi kuskuren tarawa. Na je da fargaba na nuna mata, ta sake lissafawa a gabana, ta gyara, ta sa hannu, ta ce na gode. Shi ke nan. Kujerarta ba ta je ko'ina ba.

Nas Ɗin Dare:
Malam Mai Testa, labarinka ya taɓa ni don testarka ita ce wanke hannunmu. Ina koyar da ɗaliban jinya, rabi a aji rabi a ɗakin marasa lafiya. A aji duk sun haddace lokuta biyar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a tsaftace hannu: kafin taɓa majinyaci, kafin aikin da ke buƙatar cikakkiyar tsafta, bayan taɓa jini ko wani ruwan jiki, bayan taɓa majinyaci, da bayan taɓa kayan da ke kewaye da shi. A jarrabawa ba mai faɗuwa a wannan. Amma ka tura su zagayen safe tare da babban da ke tsallakawa daga gado zuwa gado bai ko kalli famfo ba, cikin mako guda sun zama shi.

Ba zato nake yi ba, an auna abin. A 2003 an wallafa wani bincike da aka yi a wani asibiti a birnin Chicago na Amurka, aka gano ma'aikaci ya fi barin wanke hannu idan yana ɗaki ɗaya da wanda ya fi shi matsayi kuma wancan bai wanke ba. Tun ma kafin nan, a babban asibitin Vienna a 1847, likitoci da ɗalibansu sukan fito daga ɗakin binciken gawa su wuce ɗakin haihuwa kai tsaye, mata suna ta mutuwa da zazzaɓin bayan haihuwa fiye da na ɓangaren ungozomomi. Da likita Semmelweis ya tilasta wanke hannu da ruwan kilorin, mace-macen suka sauko daga kusan 18 cikin 100 a watan Afrilu zuwa ƙasa da 3 cikin 100 a 'yan watanni. Waɗannan ɗalibai ba mugaye ba ne. Abin da suka ga manyansu suna yi suka yi.

Masana ilimi suna kiran wannan ɓoyayyar manhaja, kalmar da Philip Jackson ya shahara da ita tun 1968: abin da ɗalibi yake koya a makaranta wanda ba a rubuta shi a jadawali ba. A sana'a irin taka da tawa, ɓoyayyar ita ce take bin ɗalibi wurin aiki. Saboda haka ni damuwata ba girmanka ba ne, ka gafarce ni. Damuwata yaran nan biyu ne, da ranar da ɗayansu zai kashe makunnin da ba shi ba ne ya kai hannu.

Mai Testa:
Sista, wannan ta shige ni. Ni ina ta lissafin mutuncina, na manta dalilin kafa dokar. Kuma abin da kika faɗa shi ne ainihin yadda mutane ke mutuwa a aikinmu: ka kashe layin da kake zaton shi ne, ashe wayar daga wani layi take shan wuta, ko wani ya tayar da janareta wutar ta dawo ta baya. Testa don wannan ranar ake sa ta, ba don sauran ranaku ɗari da ba komai ba.

Malama Mai Aji Casa'in:
Na karanta duk abin da aka rubuta, kuma ban ce ƙarya aka yi ba. Amma ku bar ni in huce. Na gaji da jin "malami abin koyi ne." Duk lokacin da aka so rufe mana baki, ita ake ɗaukowa. Ka yi ƙorafin albashi ya makara, a ce malami abin koyi ne, ya yi haƙuri. Ka ce aji ya yi yawa, a ce ladanka yana lahira. 'Yata ɗaliba, kin yabi mai bin takarda layi-layi da jan biro, Allah ya saka mata. Ɗalibai nawa ne a ajinta? Ni casa'in ne a aji guda, kuma aji huɗu nake shiga. Ki lissafa da kanki. In na ba kowace takarda minti biyar, aji ɗaya kawai awa bakwai da rabi ke nan. Ni ma ina da 'ya'ya, ni ma ina barci.

Tun 5 ga Oktoba 1966 UNESCO da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya suka fitar da takardar shawarwari kan matsayin malamai, wadda saboda ita ake bikin ranar malamai a wannan rana tun 1994. A cikinta an yi maganar nauyin da ke kan malami, amma an yi maganar albashinsa da awannin aikinsa, aka kuma ce yawan aji ya zama daidai yadda malami zai iya kula da kowane ɗalibi. Kowace shekara ana tuna mana rabin farko. Rabi na biyu kuwa shiru.

Sannan ina iyakar abin? Yanzu har shafin mutum na Facebook sai an bi an duba, wai malama ba ta dariya da ƙarfi, malama ba ta sa kaza. Aiki na ɗauka, ba waliyantaka ba.

Uban Ɗalibai Uku:
Malama, Allah ya huci zuciyarki. Mu iyaye ma muna da laifi, mukan zubar da namu nauyin mu ɗora muku. Yaro ya ga ubansa yana ƙarya a waya yana cewa ba ya gida, sannan a ce malami ne bai koya masa gaskiya ba.

Nas Ɗin Dare:
Yaya Malama, ina tare da ke a kan waliyantaka. Ba ruwan ɗalibaina da yadda nake zaune da mijina ko irin kayan da nake sawa ranar hutu. Amma ina ganin abu biyu aka haɗa mana a kwando ɗaya. Akwai zama abin koyi a rayuwa dungurungum, wannan ba wanda ya isa. Akwai kuma zama abin koyi a sana'ar da kake koyarwa, wannan ba yadda za ka kuɓuce masa, ko ka so ko ka ƙi suna kwaikwayo. Ba a tambayar Malam Mai Testa ko yana azumin nafila. Ana tambayarsa ko yana sa testa.

Batun takardu casa'in kuwa, wata babbar malama da na yi aiki a ƙarƙashinta ga yadda take yi. Takan ce wa aji tun farko: ba zan iya bin kowace takarda filla-filla ba, wannan karon tambaya ta biyu kawai zan yi wa sharhi, sauran maki kawai zan sa, kuma ranar kaza za ku karɓa. Ranar kaza kuwa sai ta kawo. Alkawarinta ƙarami ne, amma ba ya tashi. Ɗalibai sun san lissafi, sun san mutum ɗaya ba zai iya casa'in ba. Abin da ba sa yafewa shi ne a ce mako mai zuwa sau shida.

Malama Mai Aji Casa'in:
Wannan dabarar zan gwada. Amma ban janye maganata kan masu wa'azin abin koyi daga ofis mai sanyi ba.

Mai Nazarin Tarbiyya:
Kada ki janye, Malama, gaskiyarki ce. Bari in ƙara wani abu daga ɓangaren karatu. A 1959 wasu masana biyu a Amurka, French da Raven, suka kasa hanyoyin da mutum yake samun iko kan wani gida biyar: ikon muƙami, ikon hukunci, ikon ba da lada, ikon ƙwarewa, da ikon da ke zuwa don wani yana so ya zama kamarka. Ukun farko makaranta ce take ba malami ranar da ta ɗauke shi aiki, kuma ranar da aka fitar da sakamakon ƙarshe suke ƙarewa. Shawarar abokin aikin Mai Testa ta kayar da yaro tana cikin waɗannan. Biyun ƙarshe ba a rubuta su a takardar ɗaukar aiki.

Kan kwaikwayo kuma, gwajin Albert Bandura a jami'ar Stanford a 1961 sananne ne: yara ƙanana suka kalli babba yana dukan wata 'yar tsana ta roba, da aka bar su da ita suka dake ta yadda ya yi, ba wanda ya ce su yi. Amma yara 'yan shekara uku zuwa shida ne, kada mu ɗora wa gwajin abin da ya fi ƙarfinsa.

Wanda ya fi ba ni dariya shi ne na jami'ar Kudancin California, da aka wallafa a 1973. Aka ɗauko ɗan wasan kwaikwayo aka gabatar da shi a matsayin Dakta Fox, ya yi wa ƙwararru lakca mai cike da kame-kame da maganganun da ke karo da juna, amma cikin barkwanci da kwarjini. Da aka ba su takardar jin ra'ayi, yabo suka yi ta zubawa. Wato burge mutane awa guda ba wuya. Malami kuwa zango guda yake yi da mutanensa, wani lokaci shekara uku, ramin ƙarya kuma ƙurarre ne.

Malam Ba Wasa:
Duk na ji Turawan nan. Amma ba wanda ya amsa mini: in ka buɗe ƙofar ɗalibi ya gyara maka a gaban jama'a, wa zai rufe ta? Akwai tsari. Yaro yana da gyara, ya same ka a ofis.

Injiniyan Jirgi:
Malam, bari in amsa daga inda nake aiki, don mu an rufe wannan muhawarar da gawarwaki. Ranar 27 ga Maris 1977, a filin jirgin Los Rodeos da ke tsibirin Tenerife, jirage biyu ƙirar Boeing 747, na kamfanin KLM da na kamfanin Pan Am, suka yi karo a kan titin tashi cikin hazo. Mutum 583 suka mutu, har yau ba a yi hatsarin jirgin sama da ya kai shi asarar rai ba. Kyaftin ɗin KLM, van Zanten, ba ƙaramin matuƙi ba ne. Shi ne babban mai horar da matuƙan 747 na kamfanin, hotonsa ma yana cikin tallarsu. Mataimakin da ke zaune a gefensa, kyaftin ɗin ne ya yi masa jarrabawar tuƙa irin wannan jirgi ba da daɗewa ba. Kyaftin ya fara gudun tashi ba a ba shi cikakken izini ba. Injiniyan da ke bayansu ya tambaya ko jirgin Pan Am ya bar titin, kyaftin ya amsa da ƙarfi cewa e, ba wanda ya sake magana. Daƙiƙoƙi kaɗan bayan nan aka yi karon.

Akwai wasu dalilan, hazo da katsewar magana a rediyo da sauransu, ban ɗora komai a kan mutum ɗaya ba. Amma bayan wannan da wasu haɗurran makamantansa, kamfanonin jirage suka shigo da horo na musamman: a koya wa ƙarami yadda zai ce wa babba tsaya, a koya wa babba yadda zai ji. Yau kyaftin na kirki kafin a tashi yakan ce wa mataimakinsa, in ka ga abin da bai yi maka ba ka faɗa. Kuma ba a ga kyaftin ya rage daraja ba.

Ka ce ya same ka a ofis. In maganar kuskuren rubutu ce a allo, to. In hannun malami ne yake tafiya wajen waya, kafin a kai ofis an yi jana'iza.

Malam Ba Wasa:
Injiniya, a kan abin da ya shafi rai na sallama. Amma ku duba yadda yaron ya faɗa. "Testa ta tafi hutu." Wannan ba ceton rai ba ne, ramuwa ce. Ya jira sai da aka gama taɓawa sannan ya yi ba'a.

Baba Mai Ritaya:
Nan kuma ka yi gaskiya, ba zan hana ka ba. Akwai gatse a maganar yaron, kuma yana da kyau a gaya masa, amma a keɓe, kuma bayan malam ya biya nasa bashin. In ka fara da gyara masa lafazi alhali kai ba ka amsa naka ba, duk ajin za su gane wayo ne.

Tsoron da kake ji cewa amsa kuskure yana zubar da malami, ka duba magabata. An ruwaito cewa an yi wa Imam Malik tambaya 48 ya ce ban sani ba a 32 daga ciki. Shi ne kuma wanda ake tahowa daga nesa don a zauna gabansa. Shi ɗin ma da yana yaro, mahaifiyarsa ta ce masa ya je wurin Rabi'a, malamin Madina, ya koyi ladabinsa kafin iliminsa. Ta san abin da yaro yake fara ɗauka. Alƙur'ani kuma a Suratul Baƙara aya ta 44 ya yi tambayar da ta ishi kowane mai koyarwa, kan masu umartar mutane da alheri suna manta kawunansu.

Ni kaina sai da na shekara goma ina koyarwa kafin bakina ya iya furta ban sani ba, zan duba in dawo muku. Kafin nan in an yi mini tambayar da ta fi ƙarfina sai in ce wannan ba ta cikin manhaja, ko in mayar da ita aikin gida. Ina zaton na rufe. Bayan shekaru wani tsohon ɗalibina ya gaya mini cewa har suna suka sa wa dabarar.

Ɗalibar Zangon Ƙarshe:
Baba, mu ma muna da sunan da muke kiranta, amma ba zan faɗa a nan ba.

Uban Ɗalibai Uku:
Ni tambayata ga Malam Mai Testa: yaron da ka kora yini guda ya yi. Kai wane hukunci za ka yanka wa kanka? Kada a ce na zo da tsokana, da gaske nake.

Malama Mai Aji Casa'in:
Alhaji, in ya kori kansa yini guda ai hutu ya samu. Ni ma a kore ni.

Mai Testa:
Na dawo da rahoto, na gode wa kowa. Yau da safe kafin a fara aiki na tara su. Na ce ranar Talata na taɓa waya ban gwada ba, wannan kuskure ne da yake kashe masu sana'armu, wane ya yi daidai da ya faɗa, ni kuma ban kyauta ba da na yi masa tsawa. Na ce daga yau duk wanda ya ga hannu yana tafiya wajen waya ba testa, ko hannun wa ne, ya ce tsaya da ƙarfi, kafin a taɓa ba bayan an taɓa ba. Bai fi minti biyu ba, amma gumin da na yi kamar na yi dako.

Ba wanda ya tafa, ba wanda ya yi dariya. Shiru kawai, sai aka watse aka kama aiki. Bayan an tashi na kira yaron gefe na ce masa gyaransa daidai ne amma lafazin bai yi ba. Ya sunkuyar da kai ya ce shi ma ya sani, haushin korar ne bai sake shi ba. Alhaji, kan tambayarka: na ce musu mako guda ni zan riƙa tattara kayan aiki ina jerawa bayan darasi, aikin da na saba sa wanda ya yi laifi.

Malam Ba Wasa, kada ka ce na ɓoye maka: da rana na sake kama ɗaya daga cikin biyun nan ba testa. Na kore shi yini guda kamar yadda doka ta ce. Ya fita yana gunaguni, amma wannan karon ban ji muryata tana rawa ba.

Sai dai ga wata sabuwa. Abokin aikin nan nawa ya same ni da yamma ransa a ɓace. Ashe a darasinsa ya kai hannu zai gyara wani abu, mutum uku suka haɗa baki suka ce tsaya. Ya ce na lalata masa yara, kuma zai kai maganar wurin shugaban sashe. Ya girme ni da shekara kusan ashirin, shi ya nuna mini inda komai yake ranar da na fara aiki. Ban san ta inda zan ɓullo masa ba.

Malam Ba Wasa:
Ka ga ƙofar da na ce. To amma tsaya, shi ɗin ya sa testa ko bai sa ba?

Mai Testa:
Bai sa ba.

Baba Mai Ritaya:
Ɗana, kada ka bari ta kai ofishin shugaba. Gobe ka riga shi zuwa, ka same shi shi kaɗai, ka gaishe shi yadda ka saba. Kada ka ambaci abin da ya faru a ajinsa ko da kalma ɗaya. Ka ba shi labarin naka na ranar Talata tun daga farko, har da tsawar, sannan ka tambaye shi ko a shekarunsa na aiki ya taɓa ganin wanda wuta ta kama a layin da aka kashe. Mai shekara ashirin a lantarki ba zai rasa ba. Ka bar shi ya ba ka labarin, kada ka katse shi.